Takalma Na Je Sarowa a Ƙasar Sin

Gara in faɗi gaskiya tun farko, kada wani ya zaci wata jami'a ce ta tura ni bincike: takalma na je sarowa. Shekara tara ke nan ina sayar da takalman mata da jakunkuna a Kano, kuma wannan ce tafiyata ta huɗu zuwa Guangzhou, garin da mu 'yan kasuwa muke kira Gwanzu. Abin da abokan tafiyata ba su sani ba shi ne ina rubutu. Da dare, in yara sun yi barci, nakan rubuta labaran soyayya da na zaman aure a waya, in riƙa sakin su shafi-shafi a WhatsApp da sunan da ba nawa ba. Maigidana ya sani. Yayarsa ma daga baya ta gano, kuma ranar da ta gano sai ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa. Ta ce, "Matar nan da mijinta ya ƙaurace wa shimfiɗarta wata bakwai, ke ce? In ke ce, faɗa mini in yi masa magana. In kuwa ba ke ba ce, a ina kika san yadda abin yake?" Na ce, "Yaya, labari ne kawai." Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da aka kama da manja a baki. Wata uku na yi ban ƙara rubuta ko layi ɗaya ba, kuma a cikin watannin nan ne na yi wannan tafiya.

Ta Addis Ababa muka bi. Na sauka a unguwar Xiaobei kamar kullum, inda za ka ji Hausa da Bambara da Larabci a layi ɗaya, kuma inda ba a wahalar samun gidan taliyar Musulmi mai koren allo. Tafintar da na saba da ita ta yi aure ta koma garinsu, sai ta haɗa ni da wata yarinya siririya mai tabarau, 'yar shekara 29, 'yar lardin Hubei. Da Turanci muke magana, nawa na kasuwa, nata na makaranta. Hausarta ba ta wuce "nawa ne" da "rage mini" da "wallahi" ba. Tana kirana jiejie, wato Yaya, ni kuma ina ce mata ƙanwata. Ashe adabin Sinanci ta karanta a jami'a. Da na tambaye ta me ya kawo ta cinikin takalma, sai ta murza yatsu biyu, alamar da ba ta buƙatar tafinta.

Abu ɗaya ya riƙa rikita ni a Turancinta: sai ta ce "shi" alhali mace take nufi. Ta ce ba laifinta ba ne, a bakin Basine "shi" da "ita" duk sauti ɗaya ne, ta. A rubuce kawai aka raba su, shi ma harafin "ita" sai wajen 1920 wani malami mai suna Liu Bannong ya yaɗa shi. Na ce mu namu ya fi haka tsanani, ko "kai" da "ke" mun raba, "ka zo" daban "ki zo" daban. "Ni" ce kaɗai a cikin na mutum ɗaya ba ta da namiji ba ta da mace. Ta yi dariya ta ce ai kuwa ita ce ta fi jawo wa matan ƙasarsu masifa. A lokacin ban gane abin da take nufi ba.

Kwana na uku muka tafi Dongguan, garin masana'antu da ke tsakanin Gwanzu da Shenzhen, don in ga samfurin wani takalmi mai tsini da nake so a canza wa launi. Aka ajiye mu a wani ɗaki mai gilashi da ke kallon filin aiki. Warin gam ya cika ko'ina, har a maƙogwaro kake jin sa. Ta cikin gilashin ina kallon mata a jere, kansu a sunkuye. Wata a kusa da mu aikinta ɗaya ne: ta ɗauki tafin takalmi, ta shafa gam da buroshi sau biyu, ta ajiye, ta ɗauki wani. Na ƙirga mata har sittin ba ta ɗago kai ba. A can bayan ginin ga gidajen kwanansu, kowace baranda cike da shanya. Da jira ya yi tsawo na ciro waya ina karanta tsohon labarina da na bari a rabi. Ƙanwata ta leƙo ta ce wannan ba lissafin kaya ba ne. Ban san abin da ya sa na gaya mata ba. Wataƙila don ba ta san kowa a danginmu ba.

Sai ta nuna matan nan da haɓa ta ce akwai wadda ta zauna a irin kujerar nan ta zama marubuciya. Sunanta Zheng Xiaoqiong, haifaffiyar 1980 a Nanchong ta lardin Sichuan. Aikin jinya ta koya, ta bar asibitin ƙauye ta zo Dongguan a 2001, ta yi shekaru a wata masana'antar ƙarafa inda ba a kiran ta da suna sai da lamba, 245. A gadon kwanan ma'aikata take rubuta waƙoƙi. A 2007 babbar mujallar adabin ƙasar ta ba ta lambar yabo, a 2012 kuma ta fitar da littafin waƙoƙi a kan mata ma'aikata ɗari, bayan ta yi shekaru tana bin su tana jin labarinsu. Na ce to me ta rubuta? Ta fara lissafa mini da yatsu: al'adar da ta rikice saboda aikin dare, cikin da aka zubar a ƙaramin asibitin lungu, mijin da ke wani lardi sai shekara-shekara, yaran da aka bar wa kaka a ƙauye, da wadda ta gaji da layin aiki ta faɗa karuwanci. Na yi shiru. Duk zuwan da nake yi, lissafina a ɗakunan nan bai taɓa wuce na dozin nawa ke shiga kwali ba.

Washegari Juma'a. Bayan na dawo daga masallacin da ke maƙabartar da ake danganta wa sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sai ta ce yau ita za ta yi mini jagora ba kasuwa ba. Ta kai ni babban kantin littattafai na unguwar Tianhe, bene a kan bene, mutane zaune a ƙasa sun jingina da kanta suna karatu ba mai korar su. Ni da ban iya harafi ko ɗaya ba na zama kamar makaho a kasuwar atamfa, sai dai in shafa. Ita ce idona.

Ta ce in ina son in gane rigimar da ke kan rubutun matan ƙasarsu, sai mun koma baya kaɗan. A 1950 sabuwar gwamnatin Kwaminis ta yi dokar aure da ta hana auren dole da ajiye ƙwaraƙwarai, ta ba mace damar neman saki. Aka yi ta yayata cewa mata ne ke riƙe da rabin sama. Suka shiga gona da ma'adinai da tuƙin tarakta, da gajeren gashi da riga irin ta maza. Sai dai a littattafan zamanin, in ji ta, mace tana da hannun aiki amma ba ta da jiki, kuma ba ta sha'awar kowa sai juyin juya hali. Shi ya sa da Zhang Jie ta fitar da wani gajeren labari a 1979, a kan matar da ta yi shekaru tana son mijin wata a zuci, ƙasar ta ɗauka da muhawara, alhali a labarin ko hannu ba su taɓa riƙewa ba. Na ƙyalƙyale da dariya har wani dattijo ya juyo. Na ce wannan ai ko a Kano da wuya a hana shi.

Daga nan ta zaro wasu littattafai biyu ta ɗora mini a hannu. Na farko na Lin Bai ne, 'yar Guangxi, ma'anar sunansa Yaƙin Mutum Ɗaya. A 1994 ya fara fitowa, a mujallar Huacheng ta nan Gwanzu. Yarinya ce ke ba da labarin kanta tun tana ƙarama a cikin gidan sauro, yadda ta fara sanin jikinta, da mazan da suka yaudare ta, da cikin da ta zubar. Na biyu na Chen Ran ne, 'yar Beijing, na 1996, Rayuwar Sirri, a kan wata da duniya ta ishe ta har ta mayar da bahon wanka wurin kwananta, wadda kuma ba ta taɓa samun tausayi a wurin kowa kamar a wurin wata bazawara maƙwabciyarsu ba. Shekarun nan ne Beijing ta karɓi babban taron mata na duniya na 1995, masu maɗaba'a suka gane sunan mace a bango yana kawo kuɗi. Littafin Lin Bai da aka fara buga shi, an lafta masa bango mai hoton tsiraici, masu sharhi kuma suka yi mata ca, wasu na cewa batsa ce. Mai maɗaba'a ya ci riba, ita ta sha zagi. Kuma kowa tambaya ɗaya yake yi mata, in ji ƙanwata: ke ce a ciki?

Nan na ba ta labarin yayar mijina. Ta dafe baki, sannan ta ce, "Jiejie, namiji in ya rubuta kisan kai ba mai zuwa ya haƙa bayan gidansa."

Ban sayi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Na Zheng na ce ta nemo mini, aka kawo shi a naɗe cikin leda, na biya da waya kamar yadda ake biyan komai a can.

Sauran kayana a Yiwu suke, wani garin kasuwanci, don haka muka hau jirgin ƙasa mai gudu daga tashar kudu ta Gwanzu. Allon da ke saman ƙofa yana nuna kilomita 300 a awa, amma ruwan zafin da ke kofina ko motsi ba ya yi. Mun wuce Changsha ke nan wayarta ta yi ƙara. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san muryar. Uwa ce. Duk duniya muryar uwar da 'yarta ta kusa talatin ba aure iri ɗaya ce. Da ta ajiye ta ce an samo mata wani mai gida da mota a garinsu. Ta ce akwai sunan da ake kiran irinta, shengnu, wato matan da suka rage. Na ce mu ma muna da shi, kuma daga kasuwa muka aro: kwantai. Na yi mata bayanin kayan da suka kwana ba a saya ba. Ta sa na maimaita har ta iya faɗa, ta rubuta a wayarta. Ita kaɗai iyayenta suka haifa, don a zamanin dokar ɗa ɗaya aka haife ta, dokar da aka yi aiki da ita daga 1980 zuwa 2015. Yanzu kuma, tun 2021, gwamnati cewa take a haifi uku. A shekarar ce kuma aka fara tilasta wa masu son rabuwa ta lalama su jira kwana 30 wai ko za su huce. Ta ce an hana mahaifiyarta na biyu, ita kuma ana roƙon ta na uku, ba wanda aka tambaya a cikinsu.

Don ta huce ne, ina ji, ta ba ni labarin 'yar lardinsu, kuma duk cikin matan da na ji a tafiyar nan ita ce ta fi zauna mini. Yu Xiuhua, haifaffiyar 1976 a ƙauyen Hengdian. Wajen haihuwa ta sami lalurar ƙwaƙwalwa, tana tafiya tana tangaɗi, magana da ƙyar take fita. Tana da shekara 19 iyayenta suka aurar da ita ga wani lebura da ya girme ta da fiye da shekara goma, don dai a sami mai kula da ita. Ta yi shekaru tana kiwon zomaye tana buga waƙoƙi da yatsa ɗaya. A ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 wata waƙarta ta karaɗe wayoyin ƙasar, sunanta kaɗai ya isa ya sa ka ajiye cokali: Na Keta Rabin Ƙasar Sin Don In Kwana Da Kai. Na ce a'uzubillahi. Ƙanwata ta ce haka rabin ƙasar ya ce, sauran rabin kuma ya je ya sayi littafin. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai, a ganinta, bai wuce wadda ta faɗa ba: baƙauya, nakasasshiya, ba kyau, ta kusa arba'in, wa ya ba ta izinin sha'awa? Da kuɗin littafi suka shigo, abu na farko da ta yi shi ne neman saki. A Disambar 2015 ta ba mijin yuan 150,000 ya sa hannu.

Na ce, "Ƙanwata, wannan ai hul'i ne." Na yi mata bayanin yadda a Musulunci mace kan fanshi kanta ta mayar da sadaki. Ni ba zan iya sa wa waƙa irin wannan suna ba ko da wuƙa a wuyana, kuma ba na jin kunyar da aka tarbiyyantar da ni a kanta ciwo ce da nake neman magani. Amma na san mata a unguwarmu da aka aurar irin wannan aure na a rufa asiri, kuma ban taɓa jin an tambayi ɗayarsu ko tana son mutumin ba. Ni kaina a labaraina ban taɓa ba irinsu baki ba. Kullum jarumata fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya.

Wajen Nanchang na ga ta duƙufa a kan waya tana murmushi. Na ce me ake karantawa? Ta ɗan yi jim, sannan ta ce danmei ne, labaran soyayya tsakanin namiji da namiji, waɗanda akasari mata ke rubutawa kuma mata ke karantawa. Babbar kasuwarsu wani shafin intanet ne mai suna Jinjiang da aka kafa a 2003, inda ake biya babi-babi, kusan yadda muke karɓar kuɗin karatu kafin mu sa mutum a guruf. Na gaya mata gaskiya cewa addinina ya haramta wannan, kuma ba zan karanta ba. Ba ta yi musu ba. Amma da na ce me mace za ta tsinta a ciki, amsarta ta tsaya mini a rai. Ta ce a can ba wanda zai yi ciki, ba wanda za a ce ya bar aiki ya yi raino, ba uwar miji, ba wanda aka san tun shafin farko shi ne zai yi haƙuri. Ta ƙara da cewa sana'ar da hatsari: a 2018 wata kotu a lardin Anhui ta ɗaure wata mai rubutu da sunan Tianyi sama da shekara goma saboda ta buga ta sayar da kofi kusan 7,000. Ra'ayina a kan labaran bai canza ba. Shekara goman ce na yi ta juyawa har muka isa Yiwu.

Yiwu kasuwa ce, ba abin da zan ce a kanta sai ciwon ƙafa. Kwana uku muka yi, muka wuce Shanghai inda zan hau jirgin gida.

Ranar Asabar ta kai ni Lambun Jama'a da ke tsakiyar birnin. Tsofaffi ne a jere, kowa ya buɗe lema ya ajiye a ƙasa, ya maƙala takarda a kanta. Ta riƙa karanta mini: mace, shekarar haihuwa, tsawo, digiri, albashi, tana da gida. Iyaye ne ke tallar 'ya'yansu, yawanci ba da sanin 'ya'yan ba. Wata tsohuwa ta kama hannun ƙanwata ta tambayi shekarunta, da ta ji, sai ta saki hannun a hankali kamar yadda nake ajiye takalmin da na gano ɗinkinsa ya kwance.

Daga nan muka shiga tsofaffin lungunan birnin da suke kira longtang, 'yan kaɗan da ba a rushe ba. Gidaje manne da juna, an zuro gora daga tagogi an shanya kaya a kan hanya, har da na ciki, muna bi ta ƙarƙashi. Wata na yanka kifi a bakin famfo, wasu biyu sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, da muka zo suka yi shiru suka bi mayafina da kallo. Na ce wannan ai cikin Birni ne, gulma ma iri ɗaya. Ta ce to marubuciyar lungunan nan ita ce Wang Anyi, haifaffiyar 1954, wadda aka tura ƙauyen Anhui tana 'yar shekara 16 lokacin juyin al'adu na zamanin shugaba Mao. A 1986 da 1987 ta rubuta labarai uku na soyayya da suka girgiza masu karatu, ɗaya a kan wasu matasa biyu 'yan ƙungiyar rawa da sha'awa ta haɗa su suna dukan juna suna komawa. Babban littafinta na 1995, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Mao Dun a 2000, bai fara da jaruma ba. Da lungu ya fara, sai gulma, sai ɗakin budurwa, sai tantabaru, sannan yarinyar ta fito, wadda ta zo ta uku a gasar kyau ta 1946, ta zama ajiyar wani babban mutum, ta ƙare rayuwarta a lungu tana yi wa mutane allura. Wannan ya burge ni ƙwarai. Duk wadda ta zauna a gidan yawa ta san gulma tana riga mace shiga ɗaki.

Na tambaye ta wani littafi da na taɓa jin sunansa, na Wei Hui, wanda ya fito a 1999, labarin wata 'yar birnin nan tsakanin saurayinta Basine da wani Bajamushe mai aure. Ta taɓe baki ta ce ba ya cikin kantuna, an haramta shi a 2000 an lalata kofe-kofe, abin da ya sa na jabu suka cika bakin titi kuma aka fassara shi zuwa harsuna da yawa. 'Yan jarida suka laƙaba wa ita da wata marubuciya Mian Mian da ire-irensu suna "kyawawan marubuta", aikinsu kuma "rubutu da jiki". Daga abin da ta bayyana mini, ban ji ina kwaɗayinsa ba, ya yi mini kama da tallar turare. Sai dai na gaya mata mu ma mun ga wuta: a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an ƙone littattafan soyayya na Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano, kuma da yawan masu rubuta irin littattafan nan mata ne. Wasu daga ciki ni ma ba zan ba 'yata ba. Amma bayan wutar ba a daina rubutu ba, waya aka koma, inda ba mai tacewa.

A filin jirgin Pudong ta taya ni tura kaya har inda aka tsayar da masu rakiya. Na ba ta haƙƙinta da turaren wuta da na zo da shi daga gida. Ta rungume ni, ta ja baya, ta ce, "Jiejie, matar nan ta wata bakwai…" Sai ta kama bakinta da hannu biyu, fuskarta ta yi ja. Muka yi ta dariya har ma'aikacin ya yi mana alamar mu ba mutane hanya. Na ce, "Rabi ni ce, rabi maƙwabciyata." Ta ce wane rabin? Na ce ta bari sai ta koyi Hausa ta karanta da kanta.

A jirgi, tsakanin barci da farkawa, na buɗe labarin da na bari na ƙara shafi biyu. Na kuma shigo da wata ƙanwar jarumar, gurguwa, wadda ban san tana nan ba sai daren nan.

Bayan wata biyu kwantena ta iso. Littafin Zheng yana kan kanta a shago, har yau ba a cire ledarsa ba, wata mai ciniki ma ta taɓa tambayata ko kundin samfur ne. Da yaron shago ya fara farke kwalaye na ce ya miƙo mini ɗaya. A cikin kowane kwalin takalmi akwai 'yar farar takarda da hatimin wadda ta duba shi kafin a rufe, wadda shekara tara muna sharewa da tsintsiya. Ba suna a jiki, sai lamba da jan tawada. Ta kwalin da ke hannuna 17 ce, hatimin ya ɗan karkace.